Sirrinka Tsakanin Lauya da Wayar Salula: Abin da Doka Ta Kare da Abin da Ta Bar Maka

A da, idan mutumin Bakura ko Maradun yana da shari'a, sai ya naɗe takardunsa a leda ya shiga mota zuwa Gusau ko Sakkwato, ya zauna gaban lauya a turo ƙofa, ya fayyace masa komai. Abin da aka tattauna a ɗakin nan a ɗakin yake tsayawa. Yanzu kuwa ga tsadar kuɗin mota, ga fargabar hanya, don haka mafi sauƙi shi ne a ɗauki hoton takardar gona ko ta rabon gado a tura ta WhatsApp, a bi ta da saƙon murya na minti biyar ana bayanin yadda rikicin ya faro. Sau da yawa ma ba mai shari'ar ne ke riƙe da wayar ba. Kai ne, matashin gidan, Baba ko Inna za su kira su ce zo ka tura wa lauya wannan.

Aiki ya yi sauƙi, babu shakka. Sai dai kafin saƙon ya isa ga lauya, da kuma bayan ya isa, yana bi ta hannaye da na'urori da yawa: wayarka, shagon caji, ma'ajiyar Google, wayar lauya, kwamfutar akawunsa, har da shagon da za a buga takardar. A wannan makala za mu duba dokokin da ke kare sirrin ɗan Najeriya, da amanar da doka ta ɗora wa lauya, sannan mu ga wuraren da waya ke yoyo. Abin da mai karatu zai fahimta a ƙarshe shi ne, doka ta ɗaure bakin lauya da kyau, amma tsare hanyar da sirrin ke bi aiki ne na mutum biyu, kai da shi.

Me ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki?

A wasu garuruwan, idan sirrin mutum ya fita, iyakarta ya ji kunya ko ya yi asarar kuɗi. A yammacin Zamfara abin ya wuce nan. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar garin Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Kwana biyu bayan haka Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. Dalilin da aka bayar shi ne a yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. A watan Yunin 2022 ya sa hannu kan dokar da ta tanadi hukunci mai tsanani, har da na kisa, ga masu garkuwa da mutane da kuma infoma.

Duk wanda ya rayu cikin makonnin da aka yi babu sabis ya san cewa hukuma da kanta tana kallon bayanin da ke yawo a waya a matsayin makami. To yanzu ka dubi irin bayanan da ake ba lauya. Mai shari'ar gado zai faɗi yawan shanu da gonaki da kuɗin da mamaci ya bari a banki. Wanda ya sayar da gonarsa ta noman rani a yankin madatsar ruwan Bakolori zai faɗi nawa aka biya shi da ranar da kuɗin zai shigo. Wanda za shi kotu zai faɗi ranar tafiya da motar da zai shiga. Wanda ake zargi da zama infoma zai faɗi wa lauyansa da wa ya yi waya da kuma dalili. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, zai iya jawo garkuwa, ko ɗaukar fansa, ko a yanke wa mutum hukunci a kan titi kafin alƙali ya saurare shi.

Dokokin da ke kare sirrinka

Ta farko ita ce Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 37 ya tabbatar da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta tarho. An rubuta shi kafin zuwan WhatsApp, amma a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da wata ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin jama'a a intanet ta shigar kan hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC, ta bayyana cewa kare bayanan mutum yana cikin abin da wannan sashe ya ƙunsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen jihar da ta fara aiwatar da Shari'ar Musulunci a watan Janairun 2000, a zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba tare da neman izini ba.

Ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023. Ita ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, wadda Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta. Dokar ta shafi duk kamfani ko ofis ko ƙungiyar da ke tattara bayanan mutane: banki, asibiti, makaranta, kamfanin waya, manhajar bashi, har da ofishin lauya. Ga muhimman abubuwan da ta ce:

Ba a karɓar bayananka sai da dalilin da doka ta amince da shi, kamar yardarka, ko yarjejeniyar da ke tsakaninku, ko wani wajibi na doka.

Ba a karɓar fiye da abin da aikin ke buƙata, ba a amfani da shi a wani aikin daban, kuma ba a ajiye shi har abada bayan an gama.

Kana da ikon tambayar wane bayani naka ake riƙe da shi, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ko ka janye yardar da ka bayar.

Bayanan lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa suna da kariya ta musamman.

Idan bayanai suka fita ta hanyar kutse ko sakaci, kuma hakan na iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Idan haɗarin babba ne, dole a sanar da kai ma ba tare da ɓata lokaci ba.

Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu sarrafa bayanai takan kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kuma hukunci ya fara aiki a ƙasa. A 2024 NDPC ta ci tarar bankin Fidelity Naira miliyan 555.8, duk da cewa bankin ya musanta karya doka. A shekarar ce kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, Dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Akwai wani abu da ya kamata matasa su lura da shi. Dokar ba ta shafi wanda ya ajiye lambobi da hotuna a wayarsa don amfanin kansa da iyalinsa ba, amma da sharaɗin kada ya keta sirrin wani. Da zarar ka ɗauki takardar asibitin wani ko hirar da kuka yi a asirce ka watsa a Facebook ko TikTok, ka fita daga wannan rangwame.

Amanar da ke wuyan lauya

Doka ta uku ita ce wadda ta shafi lauya shi kaɗai, kuma ta fi sauran tsauri. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda ya ɗauke shi ya faɗa masa, ko abin da ke cikin takardun da ya gani saboda aikin, ko shawarar da ya bayar, sai da izinin mai shari'ar. Ko an gama shari'ar, ko kun ɓata ka canza lauya, haramcin yana nan. Sashe na 193 ya haɗa da tafinta da akawun lauya a cikin wannan ɗauri. Sashe na 195 kuma ya kare ka kai ma: ba za a tilasta maka ka faɗa wa kotu sirrin da ke tsakaninka da lauyanka ba, sai a wani yanayi taƙaitacce idan ka miƙa kanka a matsayin shaida.

Bayan wannan akwai Ƙa'idojin Aikin Lauyoyi, waɗanda aka sabunta a 2023 suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Ƙa'ida ta 19 ta hana lauya tona sirrin wanda yake wakilta, ta hana shi amfani da sirrin don cutar da shi, ko don amfanin kansa ko na wani. Ta kuma ɗora masa nauyin sa ido kan ma'aikatansa da duk wanda ya sa aiki, don kada sirrin ya fita ta hannunsu. Wannan ƙa'ida tana bin lauya duk inda ya tsaya. A shari'o'in aure, gado da bashi, kotunan Shari'a na Talata Mafara ko Bakura suna bin ƙa'idojin shaida na Musulunci ne, amma lauyan da ya tsaya a gabansu yana ɗauke da amanar nan kamar yadda yake ɗauke da ita a Babbar Kotu.

Me ya sa doka ta tsananta haka? Saboda lauya ba zai iya kare wanda ya ɓoye masa rabin labari ba, kuma babu mai faɗin gaskiya duka idan yana tsoron za a ji a waje. Shi ya sa sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa.

Sai dai amanar tana da iyaka, kuma yana da kyau ka san iyakar. Lauya zai iya magana idan ka ba shi izini, ko doka ko umarnin kotu suka wajabta masa, ko kuma idan kana shirin aikata laifi ne nan gaba kuma maganarsa za ta hana afkuwarsa. Haka nan idan ka zarge shi da cin amana ko ka hana shi kuɗin aikinsa, zai iya bayyana gwargwadon abin da zai kare kansa da shi. Bambancin a nan shi ne: wanda ya faɗa wa lauya laifin da ya riga ya aikata don a kare shi a kotu, sirrinsa a rufe yake. Wanda ya je neman dabarar yadda zai aikata sabo, ko yadda zai ɓoye kuɗin fansa, doka ba ta ba shi wannan mayafi ba.

Inda bango ke tsagewa: ɓangarenka

Ka lura da waɗanda sashe na 192 da na 193 suka ambata: lauya, akawunsa, tafinta. Babu mai cajin waya a ciki, babu mai gyara, babu ƙaninka da ya ari wayar don kallon ƙwallo. Waɗannan sassan ba su ɗaure bakinsu ba. Ga wuraren da aka fi samun matsala.

WhatsApp yana kulle saƙo daga waya zuwa waya tun 2016, ta yadda kamfanin layi ko wani mai tsaye a tsakiya ba zai iya karantawa ba. Amma kullen yana ƙarewa da zarar saƙon ya sauka. Wayar da ba ta da lambar sirri, aka bar ta a shagon caji tun safe har la'asar, buɗaɗɗiyar wasiƙa ce. Ka sa lambar sirri mai ƙarfi, ka kashe wayar kafin ka miƙa ta, kuma ka sa hirar lauya cikin tsarin kulle hira da WhatsApp ya fito da shi a 2023, wanda ba ya buɗuwa sai da zanen yatsa ko lambarka.

Hotunan da ka tura ko aka turo maka sukan sauka a ma'ajiyar hotuna ta wayar, daga nan su haura Google Photos ba tare da ka sani ba. Shiga saitin hirar ka hana hotunanta bayyana a cikin sauran hotuna. Haka ajiyar hirarraki da ake yi a Google Drive ba ta cikin kullen sai ka kunna shi da kanka, tsarin da aka samar tun 2021.

Satar asusun WhatsApp ta zama ruwan dare. Wani zai kira ka ya ce an turo maka lamba shida ta taron wata ƙungiya ko ta tallafi, ka karanto masa. Wannan lambar ita ce mabuɗin asusunka. Kunna tsarin tantancewa mai mataki biyu, kuma lokaci zuwa lokaci ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, ka cire wadda ba ka gane ba. Idan layinka ya ɓace ko ya daina aiki haka kawai, ka garzaya ofishin kamfanin, domin wanda ya mallaki layinka ya kusa mallakar WhatsApp ɗinka da asusun bankinka.

Saƙon murya ma yana da nasa haɗarin. Mutane da yawa sukan ɗauke shi ko su saurare shi da babbar murya a majalisa, ko a teburin mai shayi, ko ranar Talata a tsakiyar kasuwar Mafara. Sa abin kunne, ko ka keɓe. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes kuwa ba su da irin kullen WhatsApp, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan wanda ya kira wa da lokacin kiran har tsawon shekara 2.

Sai zauren WhatsApp na dangi. Shawarar da lauya ya ba ka, idan ka tura ta zauren da ke da mutum 40, ka tona ta da hannunka. A shari'ar gado musamman, abokin shari'arka yana iya kasancewa a cikin zauren, ko matarsa, ko ɗansa. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na ƙarshe, manhajojin bashi da na kyauta masu neman izinin shiga lambobinka da hotunanka. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashi na intanet Naira miliyan 10 saboda tura saƙonnin tozarci ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotuna. Amma waɗanda ake turawa ta Xender ko ake saukewa a wajen Play Store ba su bi ta wannan tace ba. Wayar da ke ɗauke da takardun shari'a ba wurin gwajin manhaja ba ce.

Inda bango ke tsagewa: ɓangaren lauya

Lauyan da ba zai taɓa buɗe baki ya faɗi sirrinka ba, yana iya sakinsa ta hanyar sakaci da na'ura. Misali mafi girma a duniya shi ne na kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da ke ƙasar Panama. Takardu kimanin miliyan 11.5 sun fita daga kwamfutocinsa suka isa hannun 'yan jarida, a 2016 kuma sunayen manyan mutane daga ƙasashe da dama, har da Najeriya, suka bayyana. Kamfanin ya rufe a 2018. Idan hakan ta faru da kamfani mai rassa a ƙasashe da yawa, ina ga ƙaramin ofis mai kwamfuta ɗaya da kowa ke amfani da ita?

A irin garuruwanmu haɗarin ya fi yawa a shagon buga takardu. Akawu zai kai ƙorafin saki ko takardar rantsuwa a filashi, a buga, kwafin ya zauna a kwamfutar shagon, wanda ya zo buga takardar neman aiki gobe ya ci karo da shi. Ƙa'ida ta 19 ta ɗora alhakin wannan a kan lauya, domin shi ya zaɓi wanda ya sa aikin. Haka idan ya sayar da tsohuwar wayarsa ba tare da ya goge ta ba, ko ya tura takardarka zauren lauyoyi yana neman shawara da sunanka a jiki, ko ya ɗora hoton takardar kotu a Facebook don nuna ya yi nasara alhali lambar wayarka da adireshinka suna bayyane. Ƙa'idojin aikin sun kuma hana lauya yin kalamai a wajen kotu da nufin karkata shari'ar da ba a gama ba, kuma bidiyon TikTok yana cikin wajen kotu.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙirƙirarriyar basira. Lauyoyi da ɗaliban shari'a sun fara amfani da ChatGPT da makamantansa wajen rubuta takardu, kuma akwai matsala biyu a nan. Ta farko, abin da aka rubuta a ciki yana tafiya kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, kuma a asusun kyauta ana iya amfani da shi wajen horar da manhajar idan ba a kashe saitin ba. Lauyan da ya kwafi labarinka da sunaye ya zuba a ciki ya miƙa sirrinka ga wani na uku. Ta biyu, manhajar takan ƙirƙiri ƙarya ta gabatar da ita kamar gaskiya. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar Dala 5,000, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yanke su ba, a ƙarar da wani fasinja ya shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca. Kai ma wannan ya shafe ka: hirarka da ChatGPT ba hira da lauya ba ce, babu sashe na 192 a kanta.

Hoton allon waya a gaban alƙali

Tambayar da matasa suka fi yi ita ce, shin kotu tana karɓar sikirinshot da saƙon murya? Tana karɓa, idan an cika sharuɗɗa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya ba da damar gabatar da bayanan da suka fito daga kwamfuta ko waya, tare da nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, da kuma takardar shaida mai bayanin yadda aka fitar da su. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar zaɓen Bayelsa ta Kubor da Dickson, inda aka yi watsi da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Don haka kada ka goge asalin saƙon, kada ka sayar da wayar, kada ka yanke hoton ko ka yi masa kwaskwarima. Idan hira ce da za ta zama hujja, kashe tsarin saƙo mai ɓacewa.

Ɗaya gefen kuma shi ne abin tsoron. Sashe na 14 na dokar ya ce hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba ana iya karɓarta, sai in kotu ta ga illar karɓar ta rinjayi amfaninta. Ma'ana, saƙon da aka kwafa daga wayarka a ɓoye yana iya dawo maka a kotu. Wannan ba lasisi ba ne na buɗe wayar miji ko mata ko abokin kasuwanci, ko sa masa manhajar leƙen asiri. Tsoma kunne cikin sadarwar wani ba da izini ba laifi ne a Dokar Laifukan Intanet, kuma lauyan kirki ba zai sa ka ka yi ba.

Abin da za ka tambayi lauya, da inda za ka kai kuka

Kafin ka tura takarda ta farko, ka tabbatar lauya ne na gaske. Kowane lauya yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, wanda yake mannawa a takardunsa. Idan ka ba ɗan kanzagin bakin kotu sirrinka, babu ƙa'idar aikin da za ka kama shi da ita. Ka kira lambar ka ji muryarsa, domin 'yan damfara sukan sa hoton lauya a WhatsApp. Daga nan ka tambaye shi cikin ladabi: Barista, wa da wa ke ganin takarduna a ofis? A ina ake buga su? Wayar da nake turo saƙo taka ce kai kaɗai? Kuna sa bayanan mutane a manhajar ƙirƙirarriyar basira? Idan an gama shari'ar, me za a yi da kwafin? Lauyan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Abubuwa irin su adadin kuɗi, ranar tafiya da sunayen shaidu kuwa, gara a faɗe su baki da baki, ko ta kiran WhatsApp a keɓe, maimakon a bar su a rubuce.

Idan kuma ɓarna ta riga ta faru, ka fara adana hujja: hoton inda aka watsa bayanin, da rana, da lokaci. Idan lauya ne ya ci amana, ana kai ƙorafi a rubuce ga NBA, wadda ke da reshe a Gusau, ko ga Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, wanda ke da ikon yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi, ko cire sunansa daga rajista gaba ɗaya. Idan kamfani ne ko ofis, ka fara rubuta musu, sannan ka kai ƙorafi NDPC. Dokar 2023 ta kuma ba ka damar neman diyya a kotu, kuma ana iya shigar da ƙarar keta sashe na 37 a Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya zai iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tara da diyya da korar lauya duk suna zuwa ne bayan magana ta fita, ita kuwa magana zarar bunu ce. Babu hukuncin da zai goge adadin kuɗin gadon gidanku daga kan wanda ya riga ya ji. Don haka idan Baba ya sake miƙo maka takarda ya ce tura wa lauya, ɗauki minti biyar ka duba lambar sirrin wayar, da kullen hirar, da inda hotuna ke sauka, sannan ka tura. Idan wayar aro ce, ka goge bayan lauya ya tabbatar ya karɓa. Allah ya rufa mana asiri, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.